Manhaja ta ce Nafisa ta iya, Yaya Halima

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Halima, malamar lissafi a wata firamare ta Dar Salam, can gefen Umdurman. Kowace shekara addu'a nake yi mata in yi shiru. Bana kam sai na rubuta, don ina da ƙarar da, da tana raye, ita zan kai wa, ko da yake har da ni a masu laifin.

Yaya Halima ba ta taɓa yarda da amsar daidai haka kawai ba. Yaro ya kawo mata amsa tsaf, sai ta ɗaga gira ta ce, "Tamam. Ta ina ka bi?" Ta hana abin goge rubutu a ajinta. In ka yi kuskure, ka ja masa layi ɗaya ka bar shi, tana son ganin inda ƙafarka ta zame. Iyaye suna cewa ta cika zargi, ni ma na sha faɗa.

Yanzu makarantar 'yata Nafisa ta sa ɗalibai a wata manhaja ta waya. An ce tana auna abin da yaro ya sani daga amsoshinsa, ta tsallake masa abin da ya iya, ta tsaya da shi inda yake da rauni. Tun ranar farko ban saki jiki da ita ba. Abin da bai taɓa ganin fuskar yarinya ba, yaya zai san cikin kanta? Amma taurari suka yi ta taruwa a gaban sunan Nafisa, sai na bar zargin, har da ɗan alfahari.

Waya ɗaya ce a gidanmu, kuma da ita nake tafiya shagon ɗinkina a Kasuwar Umdurman. In wuta ta ɗauke, keke ya tsaya, sai in buɗe manhajar in rage zaman banza. Rabi, sulusi, rubu'i, ai tela da su yake cin abinci. Na yi ta latsawa ina jin daɗin kaina. Ban kawo a raina cewa duk abin da na latsa, Nafisa ake rubuta wa ba.

Makon jiya na miƙa mata takarda na ce ta haɗa rabi da sulusi. Ta rubuta biyu bisa biyar, tana murmushi. Saura mako biyar jarrabawar fita firamare, manhaja kuwa ta daɗe da wucewa da ita wannan babi, wai ta ƙware.

Na kira masu manhajar. Wata mata ta saurare ni da ladabi, ta ce babu wurin da za a gaya wa na'urar cewa ba Nafisa ce ta ba da amsoshin ba. Sai dai yarinya ta yi ta faɗuwa har na'urar ta sauya ra'ayi. Na gaya wa Nafisa. Ta ce, "Wallahi Baba, ƙawayena duk suna ganin taurarina." Kwana biyu ba ta yi min magana ba.

Da Yaya na nan, ban ce za ta jefar da wayar ba. Na fi zaton za ta duba ta sama da ƙasa, sannan ta juyo kaina, don ni zan sha faɗan. Har yau ina zargin abin da ke yanke hukunci a kan yaro bai san yatsan wa ya taɓa shi ba.

Yaya ba ta bar ɗa ba, littattafanta ma ruwan sama ya ci su shekarar da ɗakinta ya rushe. Na ɗauka ba abin da ya rage sai kabari. Jiya Nafisa ta zauna ta amsa da kanta, taurari huɗu suka zube, manhajar ta komo da ita baya. Ta share hawaye, ta ɗaga min gira, ta ce, "Baba, wanda na samu daidai ɗin nan ma canka kawai na yi. Zo ka nuna min." Allah Ya jiƙanki, Yaya. Ban san ko mako huɗun da ya rage zai isa ba, amma na rufe shago da wuri.