Uwa Roni da 'Ya'yan Mutane

Uwa mutuniyar Roni ce, aure ne ya kawo ta Kazaure. Ita ce babba a ɗakinsu, don haka tun kafin ta yi wayo aka fara ɗaura mata goyo, tana sauke wannan ƙane an haifi wani. Mijinta, Malam Ɗayyabu, direban bas ne mai jigila tsakanin Kazaure da Babura. Ta haifi nata huɗu, ta raine su, suka kama gabansu. Ranar da autarta ta tare, Uwa ta sayi sabuwar tabarma ta shimfiɗa a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ce daga yau hutu ne sana'arta, sai ɗan suyar awara da yamma.

Hutun bai yi nisa ba. Wata safiya maƙwabciyarta Priscilla, wata nas da aiki ya kawo daga Filato, ta shigo da fararen kaya a jiki da ɗanta Emma a kafaɗa. Mai yi mata raino ta tafi biki garinsu, ba ta dawo ba.

"Mama, don Allah ki riƙe min shi, na yau kaɗai."

"Ajiye shi," in ji Uwa.

Washegari ma aka ajiye shi. Priscilla ta ba da labari a wurin aiki, sai ga wata mai gwajin jini da tagwayenta. Bayanta malamar firamare, bayanta wasu ma'aikatan sakatariya, kowacce na yau kaɗai ne. Iyayen suka yanka wa kansu abin da za su riƙa ba ta duk wata. Ba ta tambaya ba, ba ta kuma ƙi ba. Awara dai ta mutu, don babu hannun tace waken.

Wata rana Malam Ɗayyabu ya dawo bayan la'asar, ya tsallake yara biyu a zaure, ya tarar da na uku yana barci a kan dardumarsa.

"Uwa, makaranta kika buɗe ne?"

"Ban buɗe komai ba, Malam. Kawo su ake yi."

Haka aka tafi har Emma ya fara tafiya. Ran nan Uwa tana yi wa ɗaya daga cikin tagwayen wanka, ya bi ta zaure ya fice, ba wanda ya gani. Wata Bafulatana mai tallan nono, Dela, 'yar wani ƙauye a yankin Gwiwa, ita ta tsince shi a bakin titi da takalmi ɗaya a hannu, adaidaita sahu suna wucewa ta gabansa. Ta tambayi ɗan wane ne, aka ce ba a sani ba, amma ta kai shi gidan Uwa, duk wani yaro can yake.

Uwa ta karɓe shi, ta yi godiya, ta sayi nonon da ba ta bukata. Sai da Dela ta fita sannan Uwa ta zauna a ƙasa da yaron a cinya, ta daɗe ba ta tashi ba. Da Priscilla ta zo ɗaukarsa, Uwa ta faɗa mata komai da bakinta. Priscilla ta rungume ɗanta ta tafi. Da safe ta dawo da shi.

"Mama, ba ni da inda zan kai shi da ya fi nan. Amma akwai ofishin da ke kula da irin wannan aikin. Ki je su duba miki."

Uwa ta yafa mayafin unguwa ta tafi. Jami'ar da ta tarar, Malama Ikilima, sa'ar 'yarta ce. Ta ba ta kujera, ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce akwai mai raino a gidanta, yara kaɗan, ita kaɗai. Akwai gidan raino sosai, mai ɗakinsa daban da masu taimako. Akwai kuma nazare, inda ake allo da yunifom, wannan sai an bi ta wajen ma'aikatar ilimi.

"To ke wanne kike yi, Mama?"

"Ni riƙe su nake yi har iyayensu su taso."

"Su nawa ne?"

"Da tagwaye ko ba da su ba?"

Malama Ikilima ta ce gara ta zo ta gani da idonta. Ta zo kuwa. Ta leƙa rijiya ta ga faifai ne murfinta. Ta ga murhu a inda yara ke rarrafe, ta ga kwalbar kananzir a ƙarƙashin gado, ta ga taga babu raga. Ta tambayi katin rigakafin kowane yaro, Uwa ta ce ita yaran aka ba ta, ba a ba ta kati ba. Sai jami'ar ta tsaya a gaban ragon Malam Ɗayyabu, wanda ke ɗaure kusa da tabarmar barcin yara.

"Wannan fa?"

"Shi ya riga su zuwa gidan," in ji Uwa.

Daga ƙarshe Malama Ikilima ta ce yaran sun yi wa mutum ɗaya yawa. Ko dai Uwa ta mayar da rabinsu ta zauna a mai raino a gida, ko ta nemi mataimakiya da ɗaki ta yi rajistar gidan raino.

Wannan maganar ta fi ta rijiya damun Uwa. Ta yi ta kallon yaran tana zaɓen wanda za ta sallama, duk wanda ta zaɓa sai ta tuno fuskar uwarsa da safe, tana sauri kada ta makara. Ta kasa. Ranar da Dela ta sake zagayowa da ƙwaryarta, Uwa ta tambaye ta ko ta gaji da yawon rana. Dela ta ce ta daɗe da gajiya.

Aka yi wa rijiya murfin ƙarfe da kwaɗo, aka gina ɗan madafi, aka sa wa ƙofar zaure sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ɗakin samarin gidan ya koma ɗakin barcin yara. Priscilla ta koya wa Uwa da Dela haɗa ruwan gishiri da sukari da abin da ake yi idan yaro ya ƙware. Rago ya koma gidan ƙanen Malam Ɗayyabu. Malam bai yi gardama ba, sai dai ya kwana biyu yana gaida Uwa a taƙaice. Takardar shaida ta fito bayan Uwa ta yi sintirin ofis har masinja ya san sunan jikokinta.

Yanzu shekarun Uwa sun haura sittin. Wasu iyayen sun so ta ƙara da koyar da baƙi da ƙirge, ta ce wannan wata takardar ce daban, kuma ita ba ta ga abin gaggawa ba ga wanda bai iya zama a fo ba. Abin da yaran ke fita da shi dai shi ne cin abinci da hannun dama da waƙoƙin Fulatanci na wajen Dela, waɗanda iyayensu ba su san ma'anarsu ba.

A bara wata matashiya, Nafisat, ta taso daga Babura don ta koyi yadda ake fara sana'ar. Ta zauna ta jera tambayoyi a kan rajista da kuɗin wata. Uwa ta ce duk za a zo nan, ta miƙa mata wata jaririya mai fitar haƙori, ta tafi dama kunu. Kafin ta dawo jaririyar ta yi kuka, ta yi tumbuɗi, ta jiƙa wa baƙuwar atamfa. Nafisat ta wanke gefen zaninta a bakin rijiya, ta tambayi ko akwai wani zanen da za a ara mata, ta goya yarinyar. Sai da ta yi sati a gidan kafin ta koma Babura.