Wadda Ke Dama Kokon

A gidanmu na Agege, yammacin kashegarin Babbar Sallah na Kaka ne. Da an idar da Magariba sai a hura wuta a tsakar gida, Mama da ƙannenta su ɗora kaskon suyar naman layya, mu yara mu kewaye Kaka a tabarma, ƙarar motocin haya na danfo na shigowa ta saman katanga. Tatsuniya ɗaya take yi kowace shekara, ta yarinya mai sayar da koko a bakin teku, wadda ɗan sarkin ruwa ke fitowa kullum ya sha kokonta, har ya aure ta. Kuma sunana take sa wa yarinyar. Shekara da shekaru ni ce Hauwa ta bakin teku. Nakan yi barci ina ganin idanun ɗan sarkin, farare tas kamar madara.

Sallar farko bayan sojoji sun sauka daga mulki, na cika shekara sha uku. Mama ta miƙo mini matsami ta ce, "Kin girma, Hauwa. Oya, zo kan wuta."

Ina juya nama na ji Kaka ta soma: "Ga ta nan ta iso, ku tare ta. Wata yarinya ce, sunanta Ummi."

Ummi ƙanwata, wadda ko ɗaurin ɗankwali ba ta iya ba. Ta jingina da gwiwar Kaka a gurbina, tana ta washe baki. Na daskare da matsami a hannu har ƙauri ya cika gidan, kasko guda ya ƙone.

Kaka ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Af, na manta. Ummin nan tana da yaya mai kumbura fuska. Ita ke dama kokon. Ɗan sarki kuwa daɗin kokon ne ya fito da shi daga ruwa."

"To wa ya aura?" na tambaya.

"Wadda ya tarar a bakin teku mana. Juya namanki."

Sai da na haifi nawa 'ya'yan na gane abin da take nufi: Sallar da yara ke tunawa, wani ne ke tsaye a cikin hayaƙi yana haɗa musu ita. Na yarda da wannan. Amma har yau ban yafe wa ɗan sarkin nan ba, da ya shanye kokon bai tambayi mai damawa ba.