Mai Gadin da Gwaggo Hindatu Take Jira

Kowa a gidanmu na Yalwawa ya ɗauka Gwaggo Hindatu ba ta kallon talabijin. Ran Lahadi bayan La'asar, in ana maimaita shirin nan mai dogon zango, takan zauna a bakin ƙofar falo da faifan wake, ta ba akwatin gefe. Ni kaɗai na lura hannunta yana tsayawa da tsinta duk lokacin da mai gadin cikin shirin ya fito buɗe get.

Mai gadin Yaya Habibullahi ne, ɗanta na fari.

Gwaggo yayar Abbanmu ce. A wata ruga wajen Miga aka haife ta, ta shekara talatin tana kai nono kasuwa, da mijinta ya rasu Abba ya ɗauko ta. Irin mutanen da ce. Ba ta taɓa faɗin sunan ɗan farinta ba, ba ta haɗa ido da shi. In ya zo daga Kano da sallah ya durƙusa gaisuwa, bango take kallo ta amsa. Iyakar tambayarta a kansa, “Wancan ya iso?”

Bara ya kira ni. Ya ce masu shirin suna gardama, su rufe a zango na bakwai ko su ƙara. Tunda aikin jarida na karanta a jami'a, in rubuto ra'ayina ya nuna wa darakta. Ba a saba tambayata komai ba, sai na cika shafi uku. Na ce labarin ya ƙare tun zango na uku, sauran duk jan rai ne. Na ba da misali da mai gadin, shekara huɗu ba abin da yake yi sai buɗe get da rufewa. Har na karanta wa mutanen gida, aka yi ta dariya.

Umma ta ce, “Ke Mahbuba, yayan naki ma ba ki ƙyale ba?”

Gwaggo ba ta ɗago ba, ta ce, “Ai yana buɗewa da kyau.”

Tun kafin in ɗauki biro na san da hannun nan nata mai tsayawa da tsinta. A shirin ne kaɗai take samun ƙare wa ɗanta kallo, minti ɗaya ko biyu a mako, ba mai cewa ta yi rashin kunya.

Ban sani ba ko takardata ta yi tasiri. An dai rufe a zango na bakwai, Yaya ya koma shagon ɗinkinsa. Na tattara duk wuraren da ya fito a wayata, amma na kasa kai mata. In na miƙa, na gaya mata ke nan na gan ta.

Lahadin da ta biyo baya ƙwallo aka saka. Gwaggo ta zauna a wurinta, ta tsince waken tas ba tsayawa, ta tashi ta je ta jiƙa shi.