Kazar Mai Ɗori

Shekarar da maigidana ya dawo daga asibitin Kano da ƙarfe a kwatangwalo, duk Auyo sai da aka zo kallo. Mutumin da sai an ɗaga shi, ga shi yana takawa har gonar shinkafa! Na yi guɗa har muryata ta dushe.

Daɗi ya ɗebe shi. Ruwa na cika fadama ya yi tsalle daga kwalekwale kamar saurayi, cinyar ta karye daidai inda ƙarfen ya ƙare. Haushi kamar in shaƙe shi.

Mai ɗori ya ɗaure cinyar, ya karya ƙafar kazata ya ɗora, yadda aka saba: ranar da kaza ta taka, mai karaya zai taka. Na bi kazar nan da gero da addu'a.

Safiyar da ta miƙe, na faɗa ɗaki a guje da ita a hammata. "Malam, tashi! Ta taka!"

Ya dube ni, ya dubi kazar. "Ita ma an sa mata ƙarfen?"

A ranar na nemo motar Kano. Kazar kuwa, da ita muka yi guzuri.