Launin Landirobar Halliru

Da sunan Allah. Halliru direba mutumin Gidan Dunoma ne, wani ƙauye arewa da Babura, inda in ka ƙara ɗan taku sai ka ji ana ciniki da sefa. Tun yana ƙarami Allah Ya ɗora masa son mota. Ubansa ya so ya riƙe garma, shi kuwa ya bi motar hatsi zuwa Kazaure, ya yi yaron mota har ya kama sitiyari. Rabin rayuwarsa yana jan motocin mutane, bai taɓa buge ko akuya ba. Da wannan yake tinƙaho a majalisa.

To wata rana ya kai siminti Roni, sai ya hango wata tsohuwar Landiroba a gidan wani malamin dabbobi da ya daɗe da rasuwa. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, gara ta cinye kujeru, kaji na ƙwai a ciki. Halliru ya tsaya yana kallonta kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata. Ya ba magada ɗan bijiminsa, aka jawo ta da tarakta har ƙofar gidansa.

Matarsa Dela ta leƙo ta zaure, ta riƙe haɓa.

"Malam, wannan gawar fa? A nan za a yi mata sutura?"

"Ke dai Dela, ba ki san ƙarfe ba. Wannan ko a rijiya kika jefa ta sai ta hauro."

"To Allah Ya sa ta hauro mana da bijiminmu."

Ya yi shekaru a kanta, ba wasa ba. Ya sauke inji a kan tabarma, ya wanke shi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince shinkafa. Abin da ya rasa a Ƙofar Ruwa ta Kano sai ya tsallaka Magarya ya samo. Jikinta irin ƙarfen tukunyar dalma ne, ba ya tsatsa, sai lotsawa, ya bi ya buge ta da guduma. Ran da ta tashi, kajin unguwa kaf suka watse, Dela da kanta ta yi guɗa.

Saura fenti. Da ya kankare gindin ƙofa sai ya tarar da launinta na asali, wani kore mai duhu kamar ganyen kuka da ya fara bushewa. Ya ce shi wannan yake so, ba wani ba. Ya kai ta Babura aka fesa mata, ya sa aka ɗinka mata tamfol ruwan kaki. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau.

Sai dai shekarar ita ce wadda aka rufe iyaka. Samarin ƙauyen da yawa sun koma ɗauko shinkafa daga tsallake a kan babur, suna bi ta cikin gonaki don kada su haɗu da kwastan. Ba abin yabo ba ne, amma da shi gidaje da dama suke ɗora tukunya.

Wata safiya da damina, gero ya fi mutum tsawo, Halliru ya ce bari ya gwada ta a hanyar yashi da ke zuwa gonarsa. Yana shan wata kwana sai ga babura sun ɓullo, kowanne da buhuna. Na gaba ya ga koriyar mota da tamfol, ya ƙwalla ƙara, "Kwastan!" Suka tarwatse cikin gero. Ɗaya daga cikinsu, Hamma ɗan Muhammadu Lawal, ya juya babur da kaya a kai, babur ɗin ya ƙwace, suka gangara cikin wani kwazazzabo. Babur da buhuna duk suka danne masa ƙafa.

Halliru ya diro yana salati. Ya ɗaga babur, ya ciccibi yaron zuwa mota. Hamma kuwa zafi ya rufe masa ido, sai roƙo yake, "Yallaɓai ka yi mini rai, ubana tsoho ne."

"Hamma, ni ne, Halliru ne! Buɗe idonka!"

Ya kai shi asibitin Babura, daga can aka ce sai Kazaure. Ƙafar ta dagargaje, ba ta mai ɗori ba ce. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Shi kuwa Hamma shi kaɗai ne namiji a wurin Muhammadu Lawal, shi ke noma, shi ke ciyar da gidan.

Da abin ya tsaya nan, da an ce ƙaddara. Amma ba a daɗe ba sai ga ma'aikatan kwastan na gaske sun shigo ƙauyen, suka kwashe shinkafar da aka ɓoye a wani rumbu. Shi ke nan bakin mutane ya buɗe. Wa ya nuna musu rumbun? Wa ke da mota irin tasu? Ina Halliru ya samu abin gyara ta tun farko? Kafin a yi haka magana ta zama Halliru ɗan rahoto ne, gwamnati ce ta ba shi motar.

In ya zo majalisa sai hira ta mutu. Aka yi suna a maƙwabta, goro bai shigo gidansa ba. Ƙuli-ƙulin da Dela ke sayarwa ya yi kwantai a faranti har ya yi fumfuna. Duk wannan ya daure. Abin da ya karya masa zuciya a masallaci ne. Aka tada salla, ya shiga sahu, na damansa ya ɗan matsa, na hagunsa ma ya matsa, aka bar shi tsaye kafaɗarsa ba ta taɓa ta kowa ba. Mutumin da aka haife shi a garin nan, ubansa da kakansa suna kwance a maƙabartar garin.

Ya dawo gida bai taɓa tuwo ba. Ya ce wa Dela ranar Juma'a zai dafa Alƙur'ani a gaban jama'a.

"Malam, don girman Allah ka bari. Ko kana da gaskiya, Littafin Allah ba abin ja ba ne. Mu tashi mu koma Kazaure."

"In tashi da sunan munafuki a goshina? 'Ya'yana su gaji wannan? A'a Dela."

Liman ma ya so hana shi, ya ƙi. Bayan an idar da Juma'a jama'a suka zauna, ba wanda ya tashi. Halliru ya sake alwala, aka kawo Alƙur'ani cikin gafaka aka ajiye a kan buzu. Ya durƙusa ya ce zai rantse cewa bai taɓa kai rahoton kowa ba, kuma motar nan da guminsa ya tashe ta.

Ya miƙa hannu ke nan sai Muhammadu Lawal ya yi gyaran murya daga jikin bango. Tsoho ne mai ƙarancin magana, tun da abin ya faru bai ce wa Halliru ko uffan ba.

"Allah gafarta Malam, a dakata. Ni ban taɓa cewa Halliru ɗan rahoto ne ba, masu faɗa su suka sani. In zai rantse, ga abin da nake so. Ya rantse mini cewa lokacin da ya shafa wa motar nan wannan launi, bai san da motar su wa ta yi kama ba."

Hannun Halliru ya tsaya a sama. Ya tuna mai fentin Babura yana dariya yana cewa, "Maigida, da wannan kalar ai sai 'yan shinkafa su riƙa gudunka." Ya tuna ranar da ya dawo da ita, babura suna sauka daga hanya suna ba shi wuri, shi kuma ƙirjinsa yana cika.

Ya janye hannunsa ya ɗora a cinya.

"Baba, wannan ba zan iya rantsewa ba. Na sani. An faɗa mini. Kuma da na ga ana kauce mini, daɗi na ji. Ban nufi kowa da sharri ba, amma na sani."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Wani daga baya ya ce, "Kun gani ko? Ya kasa!" Liman ya daka tsawa aka yi shiru. Muhammadu Lawal ya dogara sandarsa ya miƙe, ya dubi Halliru.

"Da ka dafa, da ni da kai sai a lahira. Yanzu kuwa akwai magana. Yafiya ba a hannuna take ba, tana wurin mai ƙafar. Gonata dai ciyawa ta cinye ta."

Washegari Halliru ya saɓa fartanya ya tafi gonar Muhammadu Lawal, ya bar tasa. Tun daga wannan damina shi ke nome ta, shi ke kai amfanin har bakin rumbu. Motar kuwa ya samo fentin ƙofa shuɗi ya shafe ta da hannunsa, duk ta yi dabbare-dabbare, ba ya ko son kallonta. Da ita yake kai Hamma Kazaure a duba masa dungulmin.

A masallaci sahu ya haɗe, ko da yake har gobe akwai masu cewa mutumin da ya janye hannu daga Alƙur'ani akwai abin da yake ɓoyewa. Hamma yana shiga motar, amma a baya yake zama, ƙarƙashin tamfol. Halliru ya roƙe shi gafara ba sau ɗaya ba. Abin da yake ce masa kawai shi ne, "Ja mota mu je, Baba Halliru, rana tana yi." Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Allah Ka sanyaya zuciyar Hamma, Ka sa ya furta kafin ɗayansu ya kwanta dama.