Gidan Yaya da Wurin Yinin Ɗana

Ɗana ya fi ni tsawo tun yana sakandare, amma har yau ba ya iya tsallaka titi shi kaɗai. Likitoci sun ce autism ne, lalurar da ke hana shi mu'amala da mutane kamar kowa. Da ya gama makaranta, council, wato ƙaramar hukuma, suka ba shi gurbi a wani wurin yini kusa da Moss Side a nan Manchester, inda ake kula da manya irinsa. A can ya koyi fere dankali da shuka tumatir a tukunya. Da safe motarsu ta zo ta ɗauke shi, ni kuma in hau bas daga Withington zuwa asibitin da nake aikin gwajin jini. Tun rasuwar mahaifinsa da haka muke lallaɓawa.

Shekarar da aka fara raɗe-raɗin za a rage kuɗin da ake ba wurin, mun yi Babbar Sallah a Birmingham, gidan yayana. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya kawo ni ƙasar nan karatu. Likita ne, ƙuruciyarsa duk a asibiti ta ƙare. Ya sayi gida lokacin ana araha, yanzu gidan ya yi tsadar da shi kansa yake mamaki. Ga shi ba a daɗe da yi masa aiki a zuciya ba, maganar mutuwa ta soma yawa a bakinsa.

Bayan an ci nama muna falo, sai aka sako muhawara a talabijin kan harajin gado, wato kason da gwamnati ke cira daga dukiyar mamaci idan ta yi yawa. Wani yana cewa a soke shi, wata tana tambayar da me za a riƙe asibitoci da gidajen kula da marasa ƙarfi. Yaya ya ƙara murya.

"Ku ji fa. Albashina sun yanka, da na sayi gidan sun yanka, in na mutu kuma su riga 'ya'yana zuwa. Allah Ya riga Ya raba gado, Ya ba kowa kasonsa. Ina aka ce a ba gwamnati?"

Matarsa ta ce ya bi a hankali saboda zuciyarsa. Bai kula ta ba, ya juyo gare ni.

"Auta, ke ba ki ce komai ba."

Ɗana yana zaune a ƙasa kusa da ƙafata, yana jera cokula a kan kafet. Na ce, "Yaya, in aka soke, wurin su wannan fa? Yanzu ma cewa suke babu kuɗi."

Ya kalli yaron. Can ya ce, "Wannan yaron ai nawa ne. Zan sa shi cikin wasiyya. Ba zai wulaƙanta ba, ko ina nan ko ba na nan."

Na san har zuciyarsa ya faɗa. Ta yaya zan ce wa mutumin da ya yi mini komai wasiyyarsa ba za ta isa ba? Ba za ta sayo matar nan mai aiki a wurin yini da ta san ƙarar injin busar da hannu na firgita ɗana ba. Ba za ta kai ga 'yar maƙwabciyata 'yar Jamaika ba, wadda suke zama kujera ɗaya da shi a motar wurin, wadda ba ta da kawu likita. Na ce, "Allah Ya saka da alheri, Yaya." Na tashi na kwashe kwanuka.

Bayan mun dawo Manchester council suka kira iyaye taro. Wani matashi mai ladabi ya tsaya gabanmu yana ta ba da haƙuri. Ya ce kuɗin da ake turo musu daga sama ya ragu, kuma ba a ofishinsu aka yanke ba. Maƙwabciyata ta miƙe ta tambaye shi to wa za mu je mu gani. Ya ce zai isar da kokenmu. Har na ji tausayinsa.

Aka rage ranakun zuwa. Daga baya aka haɗe wurin da wani mai nisa, matar da ta san shi ta bar aikin. Ɗana ya koma cizon hannunsa, abin da ya daɗe da bari. Ni ma na rage aiki. Harajin kuma ba a soke shi ba, yana nan.

Wata rana aka matsa mini lallai in je aiki, ban sami mai zama da shi ba. Yaya ya hawo jirgin ƙasa ya zo. Da na dawo da yamma na tarar da shi zaune a kan matakala, hularsa a gwiwa, shinkafa warwatse a kicin, yaron ya kulle kansa a banɗaki.

"Auta, kullum haka ne?"

"Ba kullum ba. Yau ma da sauƙi."

Ya kalli ƙofar banɗakin. Sannan a hankali ya ce, "Ban san haka yake ba. Amma wallahi gidan nan shi kaɗai nake da shi da zan bar wa yaran."

"Na sani, Yaya."

Na lallashi ɗana ya fito, na sa masa rigar sanyi, muka raka Yaya tasha. A hanya hirar tsadar rago muka yi.