Gawayin Ƙirya

Babana maƙeri ne, kuma akwai kalmar da yake rowarta kamar gishiri da damina, wato sarrafa. Mutanen garinmu, can arewa da Tasawa, ko'ina jefa ta suke yi. Mace ta daka gero ta ce ta sarrafa shi, mai doki ya ja linzami ya ce ya sarrafa dokinsa. Baba ba ya musu da kowa, amma a maƙerarmu in ka wasa gatari ko ka miƙe hauyar da ta lanƙwashe, gyara ka yi. Sarrafawa a wurinsa sai abu ya rabu da kamanninsa har abada, irin yadda ake zuba jan dutsen tama a wuta ya fito ƙarfe.

Shekarar da ya makance, tun Nasara ba su iso ƙasarmu ba, narka tama ta dawo wuyana. Ina da mata, ina da ɗa, ina kuma ji da kaina. Manoman gari har da na wajen Isawane suka zo maganar hauyoyi, na bugi ƙirji na ce kafin ruwan shuka kowa zai karɓi tasa. Mu kaɗai ne maƙera a yankin. In muka kasa, sai su koma wa maƙeran Tasawa, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa.

Tama ba ta narkewa sai da gawayin ƙirya, wannan ko ɗan goye a gidanmu ya sani. To ƙiryar kusa duk mun sare ta, wadda ta rage tana cikin daji, tafiyar yini biyu, ga shi shekarun ana kama mutane a hanya. Na je sau ɗaya, tsoro ya hana ni komawa. Sai na cike gibin da gawayin kalgo da sabara, na gauraya, na ce ai wuta wuta ce. Ban faɗa wa Baba ba.

Na zuba tama da gawayin a tanderun narka ta, kwana biyu yana ci. Da ya huce muka fasa, na jawo abin da ke ciki, na ji ba nauyi. Bugu ɗaya ya watse kamar busasshen tuwo. Baba ya ce a miƙo masa. Ya jujjuya shi a hannu, ya shinshina, sannan ya tambaye ni inda na saro icen. Na faɗi gaskiya, don ban ga ta inda ƙarya za ta ɓulle ba. Na so ya zage ni, bai zage ni ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas, ba sauran lokacin haƙo wata tama. Washegari da safe ya sa aka ja shi zuwa maƙera, ya laluba ya ɗauko babbar masabarsa ta bugun ƙarfe, wadda ya gada wurin ubansa, ya aje a gabana.

Ya ce, "Sa ta wuta. Mutanen ga ba da ban haƙurinmu za su yi noma ba."

Na ce, "Baba, kai da mi za ka riƙa aiki?"

"Wane aiki kuma? Zuga wutar."

Ni na sare ta da hannuna, na buge ta da ƙaramar guduma, yana zaune yana jin kowane bugu. Ta ba da hauyoyin da suka ishi waɗanda ba su da ko ɗaya, sauran muka yi wa tsofaffin nasu faci. Tun daga ranar Baba bai ƙara taka maƙera ba, ko don hira.